AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wai Da Gaske Ana Karatun Jami'a Ta Cikin Waya?

 Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta a rediyo shi ne muke bugawa a nan, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona, ko yana kan hanyar komowa daga cin kasuwa, ya samu ya karanta, ko ya sa yaro ya karanta masa. A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa, don kuwa duk a kan abu guda suke magana, kuma masu su sun roƙi a sakaya sunayensu.

TAMBAYA TA FARKO ta fito ne daga wani dattijo manomi a wani ƙauye kusa da Malumfashi ta jihar Katsina. Ga abin da ya ce: "Ina da 'ya da ta shiga jami'a bara, tana karatun aikin gona. Bana da ta zo hutu sai ta ce lalle in saya mata kwamfuta irin wadda ake ɗorawa a cinya, ga shi kuma kowane wata sai ta bugo a tura mata kuɗin data, wai malamansu ta waya suke ba su karatu. Ni dai abin da na sani makaranta malami ne da allo da alli. Masarar da na ajiye don sayen taki ita zan sayar in yi wannan hidima. Don Allah ku gaya mini gaskiya, karatu ne, ko kuwa yarinya ta sami hanyar kallon fim?"

TAMBAYA TA BIYU kuwa daga wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Shi cewa ya yi: "Ƙanena da ke tsare mini shago ya ce ya shiga jami'a, amma ban taɓa ganin ya rataya jaka ya tafi ko'ina ba. Kullum yana bayan buhuna yana latsa waya, sai can ya ce in ba shi kwanaki zai je jarrabawa. Wace irin jami'a ce wannan, kuma takardar da za su ba shi tana da daraja kuwa?"

AMSA: To, Baba da Alhaji, mun gode da waɗannan wasiƙu, kuma tambayoyinku suna kan hanya, don wanda zai fitar da guminsa yana da hakkin ya san inda za shi. Amma kafin mu zo kan waya da kwamfuta, bari mu fara daga tushe, wato yadda ake tsara karatun jami'a shi kansa. In aka gane wannan, sauran bayani mai sauƙi ne.

Yadda ake tsara kwas

Malamin jami'a ba ya tashi da safe ya koyar da abin da ya ga dama. A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ake kira NUC, ita ke shata mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai koya kafin a ba shi digiri a kowane fanni. A watan Disamba na 2022 hukumar ta fito da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ke nan jami'ar da ke ƙasar gero da dawa tana da damar ƙara darussa a kan noman rani da kwararowar hamada, ita kuwa ta ƙasar koko da kwakwar manja ta ƙara nata. Bayan haka malaman sashe su zauna su tsara, a kai gaban tsangaya, daga nan a kai majalisar malaman jami'a ta amince. Lokaci-lokaci kuma NUC takan turo ayarin masana su duba malamai da ɗakunan karatu da kayan aiki. Fannin da ya faɗi wannan dubawa, akan hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai har sai ya gyara.

Shi digiri ana tara shi ne kamar yadda ake cika buhu da tiya. Shekarar karatu zango biyu ce, kowane zango yana da kamar mako 15 na koyarwa, ban da lokacin rajista da na jarrabawa. A kowane zango ɗalibi yana ɗaukar darussa da yawa, kowanne sunansa kwas, kuma kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ɗalibai ke kira yunit. Yunit ɗaya shi ne lacca ta awa guda a kowane mako har zango ya ƙare. In kuwa aikin hannu ne a ɗakin gwaje-gwaje ko a gona, sai an yi awa uku a mako kafin a ƙirga yunit ɗaya. Mai digirin shekara huɗu sai ya tara aƙalla yunit 120, mai na shekara biyar, irin su aikin gona, aƙalla 150. Maki kuma kashi biyu ne: akwai na gwaji da jinga da ake tarawa cikin zango, yawanci 30 ko 40 cikin ɗari, saura kuma na babbar jarrabawa.

To, shi kwas guda ɗaya, ta ina ake fara gina shi? Sa'ad da nake kwalejin horon malamai, abu na farko da aka cusa mana a ka shi ne, kada ka shiga aji sai ka amsa tambaya ɗaya: idan aka tashi, me yaro zai iya yi wanda bai iya ba kafin ya shigo? Wannan ita ce manufar darasi. Sai ka tsara yadda za ka auna ko ya iya ɗin. Sa'an nan a ƙarshe ka zaɓi hanya da kayan aikin da za su kai ka can. Wannan ƙa'ida ita ce dai har a jami'a, girman abin ne kawai ya bambanta. Manomi ma ai haka yake yi. Sai ya yanke abin da yake son girba kafin ya zaɓi iri da fili da irin huɗar da zai yi.

Bari in ba da misali da karatun 'yar Baba. A ce kwas ne a kan ƙasar noma da taki. Malami nagari zai rubuta cewa, a ƙarshen zango ɗalibi zai iya ɗibar ƙasa daga gona ya auna ta, zai iya karanta lambobin da ke jikin buhun taki, zai kuma iya lissafa buhu nawa gona ke bukata. Ku dubi buhun kamfa da aka rubuta wa 15-15-15. Ma'anarsa, kowane ɗaya daga sinadarai uku da ke ciki kashi 15 ne cikin ɗari, don haka a buhu mai kilo 50, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar kilo bakwai da rabi ne kacal. Shi kuwa buhun yuriya, mai kashi 46, yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Idan manufar kwas ita ce ɗalibi ya iya irin wannan lissafi, to jarrabawarsa ma lissafin za a ba shi ya yi, ba za a ce ya haddace shafi ya zubo ba.

Ina waya da kwamfuta suka shigo?

Sun shigo ne a mataki na uku, wato wajen kayan aiki. Ni kaina na taɓa cin karo da wannan darasi. Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa a wata firamare ta ƙauye, sai na aro rikoda da kaset na kai aji ranar da mai duba mu zai zo, don in burge shi. Yara suka yi ta leƙen na'ura suna dariya, har aka buga ƙararrawa. Da aka tashi, mai dubawa ya kira yaro guda ya tambaye shi abin da ya koya, yaro ya ce ya koyi inda ake danna rikoda ta yi magana. Ranar na sha kunya, amma na gane cewa na'ura ba ta gyara darasin da ba shi da manufa.

In kuwa an tsara kwas da kyau, to na'ura tana da amfani ƙwarai, ta hanyoyi kamar huɗu.

Na farko, isar da karatu. A da malami yakan buga takardu ɗalibai su saya, ko su yi layi wajen mai hoton takarda. Yanzu sai ya tura littafi sukutum ta WhatsApp ko Telegram, ko ya ɗora a shafin jami'a na intanet, inda akan yi amfani da manhajoji irin su Moodle da Google Classroom. A aji mai ɗalibai ɗari biyar, wanda ke can baya ba ya ko jin muryar malami, amma abin da aka tura waya kowa ya samu daidai da kowa.

Na biyu, nuna abin da baki ba ya iya kwatantawa, da kuma sabon ilimi da bai kai ga shiga littafi ba. Manoman masara ba za su manta da tsutsar nan da ke shiga zuciyar masara tana cinye ganye ba. Asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a 2016 aka fara ganinta a Afirka, Nijeriya na cikin wuraren farko. Duk littafin ƙwarin gonar ƙasar nan da aka buga kafin wannan shekara bai san da zuwanta ba. Ɗalibin da ke da intanet kuwa zai ga hotonta, ya ga bidiyon yadda take ɓarna, ya karanta abin da masu bincike suka gano, tun kafin a buga sabon littafi.

Na uku, harkar rajista da jarrabawa. Yau biyan kuɗin makaranta, da rajistar kwasa-kwasai, da duba sakamako, kusan duk ta intanet ake yi. Hukumar JAMB ma tun 2015 ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan ta kwamfuta, kuma jami'o'i da dama suna yi wa 'yan shekarar farko jarrabawa ta wannan hanya saboda yawansu.

Na huɗu, aikin bincike na shekarar ƙarshe. Kowane ɗalibi sai ya rubuta kundi kafin ya fita. Ɗalibin aikin gona zai shuka iri a ƙananan filaye, ya auna tsawo da nauyin amfani, ya zuba alƙaluma a kwamfuta ta tantance masa wane iri ya fi. A nan kam kwamfuta ta zama kamar garma ga mai shanu.

Amma fa kada a ɗauka abin duk zuma ne. A 2020 da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, an yi ta cewa a koma karatu ta intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba ta Zoom da makamantansa, amma yawancin na gwamnati tsayawa suka yi cik, ga rashin shiri, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da ya kai har watan Disamba. Ɗalibin da ya koma ƙauye, ba wuta, ba sabis sai ya hau tudu, ga tsadar data, da me zai bi lacca ta bidiyo? Shi ya sa malami mai tunani yakan tura rubutu ko sautin murya, waɗanda ba sa cin data sosai, kuma ana iya sauke su sau ɗaya a yi ta maimaitawa. Akwai kuma malamin da zai jibga wa ɗalibai takardu ta waya ya ɓace sai ranar jarrabawa. Wannan ba koyarwa ba ce. Su ma ɗalibai da nasu laifin. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, wasu sai su sa ta rubuta musu jinga su miƙa ba tare da sun ko karanta ba. Wannan ya sa malamai da yawa suke tsayar da ɗalibi ya kare abin da ya rubuta da bakinsa.

Har ila yau akwai abin da waya ba za ta taɓa koyarwa ba. Digirin aikin gona shekara biyar ne, kuma a shekara ta huɗu gona ake tura ɗalibai, su yi huɗa, su yi shuka, su kula da kaji da dabbobi da hannunsu. Haka mai koyon malanta sai ya tsaya gaban aji, mai koyon likita sai ya tsaya a gefen gadon majiyyaci.

Shawara ga Baba

Saboda haka, Baba, maganar da 'yarku ta faɗa ba ƙarya ba ce, haka karatun ya koma. Sai dai bukata hawa-hawa ce. Waya mai intanet da ɗan kuɗin data, wannan kam dole ne tun daga shekarar farko. Ita kuwa kwamfutar cinya, ga mai karatun aikin gona tana da amfani, amma an fi matsuwa da ita a shekarun ƙarshe. Da a ce ilimin kwamfuta take karanta, ko zanen gine-gine, da sai in ce a yi hanzari. Kafin lokacin, tana iya amfani da kwamfutocin ɗakin karatu na jami'a, ko ta biya a buga mata aiki a shagunan da ke bakin makaranta.

Ni a ganina kada ku sayar da masarar taki. Gonar nan ita ce za ta biya kuɗin makarantar baɗi, in aka kashe ta an kashe karatun gaba ɗaya. Ku zauna da yarinya cikin lalama ku gaya mata haka, ku yi mata alkawari zuwa kaka, kuma ba lalle sai sabuwa ba, ta hannu mai lafiya da batir mai riƙe caji ta wadatar, a tafi da wanda ya san kanta wajen saye. In kuna son ku tabbatar da karatun, ku ce ta kawo takardar rajistar kwasa-kwasanta ta wannan zango da sakamakon zangon da ya wuce, ta kuma buɗe wayar ta nuna muku abin da malamai suke turowa. Sa'an nan ku jawo buhun taki ku ce ta fassara muku lambobin da ke jiki. Ku da kuka shekara arba'in kuna noma, ai ba za a yi muku rufa-rufa a nan ba. Fim kuwa, ba na rantsuwa ba ta kallo, amma sakamako shi zai nuna wanda ya fi yawa.

Jami'ar da ba a zuwa aji

Yanzu sai mu juyo kan Alhaji. Yadda ka kwatanta, ga dukkan alamu ƙanenka Jami'ar Karatu Daga Gida ya shiga, wadda aka fi sani da NOUN, ko kuwa ɗaya daga cibiyoyin karatu daga nesa da wasu jami'o'i suka buɗe, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Wannan tsari ba sabo ba ne, kuma mu ma'aikatan rediyo muna da hannu a tarihinsa. A Ingila aka kafa irin wannan jami'a a 1969, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971. Littattafai ta gidan waya ake aika musu, har da ƙananan kayan gwaje-gwajen kimiyya, lacca kuwa ta rediyo da talabijin na BBC suke kamawa. A nan gida, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, ta horar da ɗimbin malaman firamare suna kan aikinsu. Ita NOUN a zamanin Shugaba Shehu Shagari aka kafa ta, a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo aka farfaɗo da ita. Shi kansa Obasanjo bayan ya sauka daga mulki ya zama ɗalibinta, har aka miƙa masa digirin digirgir a 2018. Farfesa Abdalla Uba Adamu, mutumin Kano, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Hedikwatarta tana Abuja, tana da cibiyoyin karatu fiye da 100 a faɗin ƙasar nan, har da na cikin gidajen gyaran hali.

A irin wannan jami'a tsara kwas ya fi wuya, domin malami ba ya gaban ɗalibi balle ya ga ya yamutsa fuska ya sake bayani. Don haka littafin ne ake rubutawa ya zama malami. Masani ya rubuta, wani masanin ya duba, a yanka shi ƙananan kashi-kashi yadda mai aiki zai iya gama ɗaya a zama guda. Kowane kashi yana farawa da manufarsa, sai bayani, sai tambayoyin da ɗalibi zai gwada kansa da su, sai taƙaitawa. Waɗannan littattafai suna nan a shafin jami'ar na intanet, kowa yana iya saukewa. Akwai kuma malamai masu jagora da ke haɗuwa da ɗalibai ta intanet a lokutan da aka tsara. Jinga ta intanet ake yin ta, tana ɗaukar maki 30, jarrabawa kuma 70, ita kuwa dole ɗalibi ya je cibiya da ƙafarsa, da katin shaidarsa, ya zauna gaban masu tsaro. Kwanakin da ƙanenka ke roƙo ke nan.

Takardar NOUN takardar jami'ar gwamnatin tarayya ce, kuma NUC tana duba fannoninta kamar na kowace jami'a. Sai dai karatun yana son mai cin rai, don ba mai tsaya maka a ka, shi ya sa wasu kan fara su watsar. In ka tabbatar yana yi, Alhaji, ka taimaka masa da awa biyu a rana da ba ciniki, ka kuma sake shi lokacin jarrabawa. In ya karanci lissafin kuɗi ko harkar kasuwanci, shagonka ne zai fara cin moriya.

Amma a yi hattara, don inda ake rububi nan ɓarayi ke taruwa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba, abin da ya sa a watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Alamomin na jabu a fili suke: za a ce maka digiri cikin 'yan watanni, ba jinga, ba jarrabawa, kuɗi kuma a asusun wani mutum za ka zuba. Jami'ar gaskiya tana neman sakamakon sakandare mai kiredit biyar, tana ba ɗalibi lambar rajista, kuma sunanta yana cikin jerin da NUC ke wallafawa. Ka ce ƙanenka ya nuna maka takardar shigarsa da rasit ɗin biyan kuɗi, ranar jarrabawa kuma ka raka shi cibiyar ka gani da idonka. In ya yi murna da rakiyar, to hankalinka ya kwanta.

To jama'a, a nan za mu dasa aya a wannan mako. Baba na Malumfashi da Alhaji na Dawanau, muna fata kun gamsu, in kuma da sauran bayani ƙofa a buɗe take. Sauran waɗanda suka aiko da wasiƙu a kan ajiyar wake da maganin ƙwari, ku ƙara haƙuri, kuna kan layi. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, ya yi wa karatun yaranmu albarka. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu. Ku huta lafiya.